Amfani da Allo Biyu a Kwamfuta Wajen Juyar da Ajami zuwa Boko: Misali daga Ƙasar Boɗinga da Shagari

Gabatarwa

Kalmar allo tsohuwa ce a bakin Bahaushe. Daga Larabci ya aro ta, ya raɗa wa katakon nan da almajiri ke rubuta karatunsa a kai. Da makarantar boko ta zo, sai ya kira baƙin abin da malami ke rubutu da alli a kansa da wannan suna. Yanzu kuma da kwamfuta ta shigo, bai wahalar da kansa wajen neman sabuwar kalma ba, sai ya kira fuskar gilashin da ke nuna aikin na'urar allo. To, duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san cewa almajirin da ya fara rubuta wa kansa yakan aje takardar da zai kwafa a gefe ɗaya, allonsa kuwa a kan cinya, idonsa na kai da komo tsakanin biyun. Watau shi aikin kwafa tun asalinsa abu biyu yake so a gaban ido lokaci guda.

A wannan maƙala za a yi ƙoƙarin bayyana yadda ake haɗa allo biyu ko fiye da kwamfutar tebur guda ɗaya, da irin amfanin da ɗalibin Hausa zai samu in ya yi haka wajen juyar da rubutun ajami zuwa boko, da kuma abin da ya kamata ya auna kafin ya sa kuɗinsa a ciki. An ɗauki misalai daga ƙasar Boɗinga da Shagari, saboda daɗaɗɗen tarihin rubutu da ke wannan yanki, da kuma halin wutar lantarki da zafi da ƙura wanda mai aiki da na'ura a can ba shi da makawa sai ya yi lissafi da shi.

Boɗinga da Shagari a Tarihin Rubutu

Garuruwan nan biyu suna kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega, kuma kowannensu hedkwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Sakkwato. A ƙasar Boɗinga ne garin Sifawa yake, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa yana wallafa littattafai kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Boɗinga ya zauna, kusa da shi, sai bayan rasuwar Shehu a 1817 ya koma Gwandu. A cikin waɗannan shekaru ne, watau a 1813, Malam Abdullahi ya tattara waƙoƙinsa na Larabci tare da bayaninsu a littafin Tazyinul Waraƙati, wanda Mervyn Hiskett ya fitar da shi haɗe da fassarar Turanci a 1963.

Shagari kuma ita ce mahaifar Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Kafin ya shiga siyasa malamin makaranta ne, kuma shi ya wallafa Waƙar Nijeriya domin ya sauƙaƙa wa yara sanin labarin ƙasa da tarihinta. Ashe ke nan yankin ya haɗa gādo iri biyu, na Larabci da ajami da kuma na boko. Ɗalibin Hausa da ya fito daga nan, ko wanda aka tura yin bincike a nan, tsakanin rubutun nan biyu aikinsa zai kasance.

Muƙabala da Kurakuran Mai Kwafa

Malaman da suka gabata ba su da injin ɗab'i, saboda haka kowane littafi da hannu ake kwafarsa. Sun kuma san hannu da ido suna yaudara, shi ya sa suka riƙe al'adar muƙabala, watau a aje sabon kwafi kusa da na asali a bi su layi bayan layi, ko kuwa mutum ɗaya ya riƙa karantawa a bayyane wani yana bin ɗaya kwafin da ido. In an ga inda aka yi tsallake sai a rubuta abin da ya faɗi a gefen shafi, a sa masa alamar gyara.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsallake. Mai kwafa ya ɗauke idonsa daga kan wata kalma ya rubuta ta, da ya mayar da ido sai ya sauka kan irin kalmar a layi na biyu ko na uku a ƙasa, ya ci gaba daga nan, abin da ke tsakani ya salwanta. Wannan ya fi aukuwa a waƙa, inda amsa-amo da amshi ke ta maimaituwa. Alal misali, waƙar Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya yi da Fillanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Malam Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, baitocinta da kalmomi iri ɗaya suke rufewa. Mai kwafar irin wannan waƙa yana iya zubar da baiti sukutum bai sani ba.

Shi kuma mai juyar da ajami zuwa boko yana da wata matsala a kan wannan. A yawancin tsofaffin rubuce-rubuce harafi ɗaya ke tsaya wa b da ɓ, don haka bari da ɓari kamarsu ɗaya a takarda. Rufu'a ita ke tsaya wa wasalin u da na o, don haka kura da kora sai ma'anar jimla ta raba su. Wasalin e kuwa ɗan ɗigo ne guda a ƙarƙashin harafi ke nuna shi, wanda in tawada ta kwanta ko takarda ta tsufa da wuya a bambanta shi da tabo. Bugu da ƙari, rubutun wannan yanki da Sakkwatanci yake. Inda marubuci ya sa hwari ko mi ko ɗiya, ɗalibin da ya saba da daidaitacciyar Hausa, in ya riƙe layin da ka na ɗan lokaci kafin ya buga, sai ya tarar hannunsa ya rubuta fari da me da 'ya'ya. Ta haka ake kashe karin harshen marubuci ba da niyya ba, a kuma karya masa ma'aunin waƙa, domin sauya kalma guda yana iya ƙara gaɓa ko ya rage.

A yau ɗalibi ba safai ake ba shi tsohuwar takarda ya tafi da ita ba. Ko a gidajen malamai, ko a ma'adanai irin su Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato da Gidan Arewa da ke Kaduna, abin da yakan samu shi ne hoton shafi. In allonsa ɗaya ne, to sai ya buɗe hoton ya karanta layi, ya kawar da shi ya buɗe inda yake rubutu, ya buga, ya sake komawa. Duk juyawar da ya yi, ya buɗe wa tsallake ƙofa. Maganin wannan kuwa shi ne hoton da rubutun su tsaya a gabansa tare, kamar yadda suke tsayawa a gaban mai muƙabala.

Yadda Kwamfuta ke Ɗaukar Allo Fiye da Ɗaya

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981 ana iya sa mata katin hoto iri biyu, kowane da allonsa. A 1987 kamfanin Apple ya fitar da Macintosh II, wadda ke iya haɗa alluna da dama su zama kamar fili ɗaya mai faɗi. Windows kuwa ta karɓi wannan tsari sosai ne daga Windows 98, wadda ke iya ɗaukar har allo tara. Don haka duk kwamfutar tebur da ɗalibi zai samu a kasuwa yanzu, ko da ta gwanjo ce, manhajarta ta san wannan aiki. Abin dubawa kawai shi ne ko akwatin yana da kafofin da za a jona.

A bayan akwatin kwamfuta akan sami kafofin allo iri huɗu. Akwai VGA, mai ramuka 15, galibi shuɗiya, wadda ta fito a 1987, ita ce tsohuwarsu. Akwai DVI, mai faɗi, galibi fara, ta 1999. Akwai HDMI, irin wadda ke bayan talabijin na zamani. Sai DisplayPort, ta 2006, wadda ta yi kama da HDMI sai dai kusurwarta ɗaya a yanke take. Ƙa'idar ita ce kowane allo da kafarsa da wayarsa. Ba dole ne kafofin su zama iri ɗaya ba, ana iya jona wannan allo ta VGA, wancan ta HDMI.

Akwai wurare uku da mai saye yakan yi asara a nan. Na farko, a kasuwa ana sayar da wata 'yar na'ura mai raba kafa ɗaya gida biyu. Wannan abin da ke allo na farko shi za ta nuna a na biyu, ba ta ba da fili na dabam, don haka ba ta da amfani ga mai muƙabala. Na biyu, VGA da HDMI hanyar aika hotonsu ta bambanta, saboda haka haɗa su sai da 'yar na'ura mai juyawa, ita kuwa fuska ɗaya take aiki, wadda aka yi don ta ɗauka daga HDMI ta kai VGA ba za ta yi akasin haka ba. Na uku, in an sa wa kwamfuta katin hoto na dabam, sau da yawa kafofin da ke jikin uwar na'urar sukan daina aiki, sai a jona allunan duka a jikin katin.

Da an jona, sai a danna madannin Windows tare da harafin P. Zaɓi huɗu zai fito: allo na farko kaɗai, allo na biyu kaɗai, maimaitawa, da faɗaɗawa. Maimaitawa, wadda na'urar ke kira Duplicate, ita ce allunan biyu su nuna abu ɗaya, kuma ita malami ke amfani da ita in ya jona majigi a aji. Faɗaɗawa, wadda na'urar ke kira Extend, ita ce allo na biyu ya zama ci gaban na farko, linzami ya fita ta gefen wannan ya ɓullo a wancan, a kuma ja aiki daga ɗaya a kai ɗaya. Wannan ita ce ake bukata. Daga nan sai a shiga wurin daidaita allo a gaya wa na'urar wanne ke dama wanne ke hagu, domin in ba a yi haka ba linzami zai riƙa fita ta inda ba a zata ba.

Tsarin Aiki a kan Allo Biyu

Shafin tsohon littafi tsawonsa ya fi faɗinsa, allon kwamfuta kuwa faɗinsa ya fi tsawonsa. Saboda haka ya fi kyau a miƙar da allon da zai ɗauki hoton ya tsaya a tsaye, in mariƙinsa yana juyawa, a kuma gaya wa na'urar an juya shi. Allo mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, in an miƙar da shi, shafi guda zai cika shi daga sama har ƙasa, ya kusa ninka girman da zai yi a kwance. A nan ne ɗigon wasalin e zai fito fili, haka ma gyare-gyaren da aka cusa a gefen shafi da ƙananan haruffa.

A ɗaya allon sai a buɗe inda ake rubutu, a tabbata an sa tsarin madannai mai haruffan ɓ da ɗ da ƙ, domin juyar da ajami ba tare da su ba komawa ne ga ruɗanin da aka gudo. A riƙa yanke layin boko daidai inda layin ajami ya yanke, a sa wa kowane lamba. In aka yi haka, da an kai ƙarshen shafi sai a ƙirga layukan nan da na can, in sun saɓa an san an yi tsallake tun ba a yi nisa ba.

Har ila yau, littattafan ƙasar nan ba a ɗinke su, warwara suke a cikin gafaka, kuma galibi ba lambar shafi. Abin da masu kwafa ke yi shi ne su rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabata. In takardun sun cakuɗe kafin a ɗauki hotonsu, mai allo biyu sai ya tsayar da warƙa guda a allo ɗaya, ya riƙa wuce sauran a ɗayan har ya ci karo da wadda ta fara da kalmar. Haka kuma in ya sami kwafi biyu na waƙa guda, ɗaya daga wani gida ɗaya daga ma'adana, sai ya aje su kafaɗa da kafaɗa ya fitar da inda suka saɓa. Allo na uku yana da amfani ne kawai ga mai aiki da abu uku lokaci ɗaya, kamar mai kwatanta asalin Fillanci da fassarar Hausa yana kuma rubuta boko.

Amfanin bai tsaya ga ajami ba. Mai nazarin Waƙar Nijeriya yana iya aje baitocin a allo ɗaya, taswira a ɗayan, yana bin garuruwa da koguna da ido. Mai juyar da hirar da ya ɗauko daga bakin dattawa yana iya barin bidiyon a gefe yana rubutu. Haka ma akawu a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko malamin da ke shigar da makin jarrabawa daga wannan jadawali zuwa wancan, domin lamba ma tana tsallake kamar baiti, kuma tsallaken layi ɗaya a jerin sunaye yana iya ba wani yaro makin wani.

Wuta da Zafi da Ƙura

Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. A garuruwan karkara wutar lantarki ba ta tsayawa, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 tayar da janareta ya yi tsada, jama'a da dama suka koma ga farantin sola da batir. Mai son allo na biyu dole ya yi lissafi. Siririn allo na zamani mai inci 22 yakan ci wat 20 zuwa 30. A ɗauka yana cin 25, in ya yi awa 6 yana aiki ya ci 150 ke nan. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kimanin 1200, amma in irin mai ruwa ne ba a son a sha fiye da rabinsa don kada ya mutu da wuri, saura 600. Ashe allo na biyu shi kaɗai zai ɗauke kashi ɗaya cikin huɗu na abin da batirin zai bayar, ban da abin da inbata ke zubarwa, ban da akwatin kwamfutar da allo na farko.

Tsohon allo mai ƙeya, irin mai kama da tsohuwar talabijin, ko kyauta aka ba mutum kada ya karɓa don wannan aiki, domin yana cin ninki uku ko fiye na abin da siririn ke ci, ga kuma zafin da yake fitarwa. A ƙasar Sakkwato zafin watan Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, ɗakin da ke rufe da kwano kuwa ya fi haka. Ya kamata a bar tazara tsakanin na'urori da bango, a kuma kashe allo na biyu a duk lokacin da aikin bai bukace shi ba. Da hunturu kuma ƙura ita ce abokiyar gaba. A rufe alluna da ƙyalle in an tashi, a riƙa share kafofin iska, kada kuma a goge gilashi da busasshen tsumma mai kaushi, domin yashi yana karce shi. In ana jona wutar gari, a sa na'urar daidaita ƙarfin wuta a tsakani, don dawowar wuta da ƙarfi ita ke ƙona kaya.

Lafiyar mai aikin ma abin kula ce. A aje allunan nesa da fuska kamar tsawon hannu, samansu daidai da ido, haskensu kuma a daidaita shi ya zo ɗaya, domin in ɗaya ya fi ɗaya haske ido yakan gaji da wuri. Wanda aka fi kallo shi za a sa a gaba, ɗayan a karkato shi kaɗan, don kada wuya ya yini a murɗe. Kada a juya su ga taga. Bayan kowane minti 20 a ɗauke ido a dubi wani abu mai nisa na ɗan lokaci.

Wanda hali bai ba shi ba, yana da mafita. Allo ɗaya mai faɗi ana iya raba shi biyu ta danna madannin Windows tare da kibiyar dama ko ta hagu, ko da yake hoton zai ƙanƙance. Talabijin mai kafar HDMI tana iya zama allo na biyu. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka allo ɗaya kawai zai nema ya ƙara a kan nata. Ko wayar hannu aka jingina da hoton shafi a kanta, ta fi a riƙa rufewa ana buɗewa.

Kammalawa

An ga cewa aikin juyar da rubutu yana bukatar asali da kwafi su tsaya a gaban ido tare, kuma malaman Sifawa da Boɗinga sun san haka tun da suka riƙe muƙabala. An ga yadda ake jona allo na biyu, da tarkon da ke kasuwa, da abin da zai ci na wuta. Mai buga wasiƙa ko mai karanta labarai allo ɗaya ya ishe shi, kuɗin na biyu gara ya sa su a batir. Amma ɗalibin da zai juyar da waƙar ajami ya sa a kundin digirinsa, ya sani cewa masu zuwa bayansa daga kundin nan za su ɗauka, da wuya su koma ga takardar asali, wadda wataƙila kafin nan gara ta ci ko ruwa ya taɓa. Baitin da ya tsallake ya tafi ke nan, kalmar Sakkwatancin da ya sauya kuma a haka za a yi ta karanta ta.

Saboda haka ana ba da shawara ga sassan Hausa na jami'o'inmu da su tanadi ko da tebur guda mai allo biyu, ɗaya a miƙe, domin masu aikin ajami su riƙa karɓa-karɓa. Sa'an nan a riƙa neman ɗalibi ya haɗa hoton asali da juyin da ya yi, layi da lambarsa, yadda mai dubawa zai iya bin sawunsa. Bayan duk wannan, in an gama bugawa, a nemi aboki ya karanta bokon a bayyane, mai aikin yana bin ajamin da ido, domin na'ura tana nuna shafi ne kawai, karantawa da tantancewa suna wuyan ɗalibi.